Jikan da Ya Haifi Ubansa

A ofishin masu rubuta manhaja da ke hawa na biyu, saman wata maɗaba'a, an daɗe da manta sunan da ke jikin katin aikinsa. Na-Gama kowa yake ce masa, har mai gadi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: kafin Oga ya kai ƙarshen bayanin aiki, shi ya riga ya tafa hannu ya ce, "Wannan ai na gama." In aka tambaye shi ina aikin yake, sai ya ƙwanƙwasa goshinsa da ɗan yatsa ya ce yana nan ciki, saukewa kawai ta rage. Yana da madannan kwamfuta masu ƙara kamar ruwan sama a kan rufin kwano, da tabarau marar magani da yake maƙalawa don kwarjini.

Teburin da ke fuskantar nasa na Auta ne. Aikinta gwaji: duk abin da aka rubuta sai ya bi ta hannunta, ta matsa shi, ta murɗa shi, har ya tona asirin kansa. Rabin kurakuran da take kamawa a wata na Na-Gama ne. Yadda aka yi mai farautar kuskure ta kamu da son mai kiwonsa, wannan ko ita ba ta da bayani. Abin da aka sani shi ne magana ta kai gida, mahaifinta kuma ya ce shi ba shi da ta cewa sai abin da mahaifinsa, Kaka, ya ce. Kaka kuwa wata uku ke nan bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ranar Lahadi Na-Gama ya sha guga, ya sha turare, ya tafi gaishe shi. Ya same shi a falo, da wani littafi mai zobe a kan cinya, baƙin bangonsa ya koɗe don tsufa. Kaka tsohon ma'aikacin gidan waya ne, shekara talatin da biyar yana rarraba wasiƙu, kuma tun yana saurayi yake rubuta zuri'arsu a littafin nan, tun daga kakan kakansa har zuwa jaririn da aka haifa watan jiya.

"Ranar Asabar dangi za su taru," in ji Kaka. "Ina so su ga abin nan a manne a bango, babba, kowa ya nemo reshensa, tun idona yana gani."

Auta ta ce, "Na yi magana da mai maɗaba'ar ƙasan ofishinmu. Ya ce manhajarsa za ta zana bishiyar, amma sai an kai masa bayanan a tsarin XML."

"XML?" Na-Gama ya gyara tabarau, ya yi wata dariya ta ƙasan maƙoshi. "Kaka, ranka ya daɗe, an zo gidana. Ni ko a mafarki da XML nake magana."

"To mene ne shi?"

"Ɗaki ne cikin ɗaki, ba wani abu ba. Ka buɗe ƙofar uba ka shiga, ka tarar da ƙofar ɗa. Ka buɗe ta, ka tarar da ta jika. In ka kai ƙurya, sai ka juyo kana rufe su ɗaya bayan ɗaya har ka fito. Doka ɗaya ce tak: duk ƙofar da aka buɗe, sai an rufe ta."

"Duk ƙofar da aka buɗe sai an rufe ta," Kaka ya maimaita a hankali, kamar mai ajiye abu a aljihu. Sai ya buɗe zoben littafin, ya zare shafi ɗaya ya ninke, sannan ya miƙa masa sauran. "Wannan na gidan uban Auta ne. Zai zauna a wurina tukuna, akwai gurbin da ban gama tunani a kansa ba."

Na-Gama ya karɓa. Ya san gurbin: ɗan filin da ke gefen sunan Auta, inda ake rubuta miji. Ya buɗe littafin, sai ya ga kowane suna da wasu 'yan lambobi biyu na fensir a gefensa.

"Waɗannan fa, Kaka?"

"Ta farko lambar mutum, ta biyu lambar wanda ya haife shi. Ɗan nan, na ga wasiƙar ta'aziyya ta je gidan da ba a yi mutuwa ba saboda suna ya zo ɗaya. Tun ranar ban ƙara yarda da suna ba."

"Allah sarki, zamanin wasiƙa," in ji Na-Gama, cikin tausayi. "Kwamfuta ta wuce nan, Kaka. Ka sa a ranka na gama."

Litinin da safe madannai suka kama ruri. Ya kwashe mutum ɗari huɗu da goma sha biyu ya jera su a tebur cikin kwamfuta, kowa da sunansa da sunan wanda ya haife shi. Lambobin fensir kuwa ya tsallake su gaba ɗaya. Daga nan ya rubuta wani ɗan aiki mai kiran kansa da kansa. Dabarar mai sauƙi ce: a ba shi mutum, ya buɗe masa ƙofa, ya rubuta sunansa, ya leƙa tebur ya kwaso duk waɗanda aka ce mai wannan sunan ne ya haife su, ya yi wa kowannensu irin haka, sannan ya rufe ƙofa. Ya raɗa wa abin suna Sarkin Zurfi.

Auta ta leƙo ta saman allonsa. "Malam, akwai shiryayyun kayan aiki da ke rubuta XML fa. Ka ba su bayanai, su buɗe, su rufe da kansu, ba sa mantuwa."

"Kayan aro na ragwaye ne. Ni da hannuna zan liƙa kowace alama."

"Lambobin Kaka fa?"

"Auta, mutum ne ko motar haya, da za a kira shi da lamba?"

Ta dube shi, ta dubi littafin, ta ce ya ara mata shi lokacin hutun rana ta ga rubutun Kaka. Ya miƙa mata ko ɗaga kai bai yi ba.

Talata da hantsi ya sauka ƙasa da fayil ɗinsa, yana fito. Mai maɗaba'ar, wanda duk layin ke kira Mai Tawada saboda yatsunsa ba su taɓa yin fari ba, ya karɓa ya saka a manhajarsa. Nan take ta yi ƙara, ta fito da jan rubutu.

"Injiniya, ta ce ba ta ci."

"Tsohuwa ce manhajarka."

"Tsohuwa ce, amma ta iya ƙirga. Ta ce ka buɗe ƙofa ɗari huɗu da goma sha biyu, ka rufe ɗari huɗu da goma sha ɗaya. Wa ka bari a buɗe sauro yana shiga?"

Gaskiyar magana, Gwaggo ya bari. Gwaggo ita ce ta biyu a 'ya'yan Kaka, mai bin mahaifin Auta, kuma da yake Kaka ya rubuta mata laƙabi har biyu, Na-Gama ya yi mata layi na musamman ya manta da rufewarsa. Amma neman ƙofa ɗaya cikin ɗari huɗu aiki ne, shi kuma ba a san shi da aiki ba, an san shi da gamawa. Sai ya gangara can ƙarshen fayil ɗin ya liƙa alamar rufewa guda.

"Ƙirga yanzu."

"Ya cika," in ji Mai Tawada. "Amma Injiniya, in ƙofar kicin ce a buɗe, ka je ka rufe ta gareji..."

"Buga kawai, Malam. Na gama."

Ana cikin buga samfurin Gwaggo ta shigo, Kaka ya aiko ta ta gano masa inda aka kwana. Mace ce doguwa mai jaka a hammata, tsohuwar shugabar makaranta, ɗanta ɗaya tal a duniya. Ta ɗauki takardar, ta nisanta ta da ido, ta kusanto da ita, ta sake nisantawa.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Ni ne, Gwaggo," in ji Na-Gama, ya ɗan rusuna yana jiran yabo.

"To sannu, ungozoma. Yaushe na haifi mutum ɗari da tara?"

Ya leƙa. Tunda ba a rufe ɗakin Gwaggo ba, duk wanda ya zo bayanta ya faɗa ciki: ƙannenta bakwai da 'ya'yansu da jikokinsu, duk sun rataya a ƙarƙashinta kamar kayan shanya. Ƙofar da ya kamata ta rufe Kaka ita ta rufe Gwaggo, don haka Kaka ma ya haɗiye ƙannensa, kowa ya gangara mataki guda.

"Ga ƙanina da muka sha nono ɗaya, an ce ni na haife shi. Ga matar nan da ko gaisawa ba ma yi, ta zama jikata. Ɗan nan, ciki ɗaya na yi a rayuwata, shi ma da ƙyar."

"Gwaggo, ai wannan alama ce ta girmamawa. Manhajar ta gane ke ce uwar dangi."

"Uwar dangi? To tunda ni na haife su, ka gaya musu kowa ya kawo mini gaisuwar shekara arba'in da bai kawo ba."

Mai Tawada ya shige bayan injin yanka takarda, kafaɗunsa suna rawa.

Laraba Na-Gama ya wuni yana laluben ƙofar Gwaggo har ya same ta. Da wani ne, da ya tsaya nan ya gode wa Allah. Shi kuwa sai ya ga ai dama ce ta ƙara wa aikin armashi. Ya ƙirƙiro sabon ɗaki a cikin ɗakin kowane mahaifi, inda za a tara zuri'arsa, ya sa wa alamar ɗakin suna 'ya'ya, don manhajar Mai Tawada ta rubuta kalmar a kan kowane reshe.

Alhamis manhajar ta sake yin ƙara.

"Yau kuma me?"

"Ta ce sunan alama ba ya farawa da wannan ɗan waƙafin na sama," in ji Mai Tawada. "Ba ta san shi a harafi ba."

Auta, da ta sauko karɓar wasu takardun ofis, ta ce, "Sa y mai ƙugiya mana, Malam. Harafi ne cikakke, za ta karɓa."

"Wa ke da lokacin neman ƙugiya? Ɗan ɗigon nan da ko ƙuda bai kai ba, shi zai tsayar da ni?" Ya ba kwamfuta umarni ta share duk wani waƙafin sama da ke cikin fayil ɗin. Daƙiƙa ɗaya ta share ɗari shida da wani abu. Manhajar ta karɓa lami lafiya. Ya juya ya dubi Auta, ya hura yatsunsa kamar mai kashe ashana.

Wannan karon Gwaggo da kujerarta ta zo, wai ba za ta sha mamaki a tsaye ba. Aka miƙa mata samfurin. Ta karanta a bayyane, da muryar kiran sunayen ɗalibai.

"Kaka. Yaya: mutum tara." Ta ɗago. "Baban namu da yake ɗan fari a ɗakinsu, yau ya wayi gari da yayye tara, kuma ni ce ta biyu a cikinsu."

"Gwaggo, 'ya'ya ake nufi..."

"Abin da aka rubuta nake karantawa, shekara talatin ina koya wa yara haka. Shekaranjiya na haifi ƙannena, yau na girmi ubana. Jibi kuma me zan zama?"

"Ɗan ɗigo ne kawai ya fita."

"Ɗan ɗigon shi ya raba wanda ka haifa da wanda ya goya ka. Auta, wannan ne mutumin?"

Auta ta ce, "Shi ne, Gwaggo," tana kallon silin.

Mai Tawada ya naɗe babbar takardar da ya tanada ya mayar kan kanta. "Injiniya, ba zan ɓata wannan ba sai na ga fayil mai hankali. Amma taron nan da ni za a yi, ko ba a gayyace ni ba."

Juma'a ta tafi a mayar da ɗigo ɗari shida ɗaya bayan ɗaya, da neman y mai ƙugiya, wadda ya samu a minti biyu amma bai gaya wa kowa ba. Da ya ga babu sauran lokacin bugawa kafin taro, sai wata sabuwar dabara ta faɗo masa, wadda a ganinsa ta fi ta farko. Takarda ai matacciya ce. Zai ɗauki majigin ofis, ya haska allon kwamfutarsa a bango, dangi su ga Sarkin Zurfi yana haifar su ɗaya bayan ɗaya a gaban idonsu. Ya sa kowane suna ya ɗan dakata rabin daƙiƙa kafin na gaba ya fito, don a samu damar tafi. Ya sa kowane ɗa ya matsa dama kaɗan daga inda ubansa yake, don a ga zurfin. Har maɓallin sauri ya tanada, ko da tafin zai yi yawa.

Asabar da safe mota ta tsaya a ƙofar ofis. Yayan Auta ne, wani ƙaton mutum mai sayar da tayoyi. Sunan Kaka aka sa masa, harafi bai bar harafi ba, shi ya sa duk gidan Takwara ake ce masa. Ya hau sama da ninkakken shafin nan.

"Kaka ya ce a ƙara wannan. Ku yi sauri, an fara cika."

Na-Gama ya warware shafin. Idonsa ya tafi kai tsaye gefen sunan Auta. Gurbin yana nan fari fat. Ya shigar da mutum tara cikin minti uku, ya gwada. Kwamfuta ta yi ɗan tunani, ta tsaya, ta ce zurfin ya wuce iyakar dubu da aka yarda da ita.

"Malam, tsaya," in ji Auta. "Zuri'a takwas ce a littafin nan. Me zai kai ta dubu? Dubi sunan farko a shafin..."

"Na gani. Tsoro ne irin na kwamfuta, ba ta saba da manyan gidaje ba." Ya nemo inda aka rubuta iyakar, ya goge dubu ya sa miliyan. "Wa ya isa ya sa wa zuri'ar Kaka iyaka?"

"Ka sake gwadawa, ko sau ɗaya."

Takwara, da ya riga ya koma mota, ya danna ham daga ƙasa. Na-Gama ya rufe kwamfuta. "Na gama."

Auta ta ɗauki shafin ta ɗauke shi hoto da wayarta, ta bi su. A mota ta buɗe kwamfutarta, tana ta danne-danne a kujerar baya.

Zauren ya cika maƙil. Tsofaffi a gaba, mata da yara a tsakiya, samari a jikin bango. Kaka yana kujerar tsakiya, mahaifin Auta a damansa, Gwaggo a hagunsa. Mai Tawada ya samu wuri kusa da taga, ya harɗe hannu. Aka ja labule, aka kunna majigi, Na-Gama ya karɓi makirufo.

"Iyayena, kakannina, yau za ku ga abin da ba a taɓa yi wa wani gida ba. Abin da Kaka ya yi shekara sittin yana rubutawa, ni na sauke shi a kwana biyar. Ban ce na fi kowa ba, amma in akwai wanda ya fi ni, ban haɗu da shi ba tukuna."

Ya danna.

Sunan kakan kakan Kaka ya fito a gefen hagu. Aka yi kabbara, aka yi tafi. Ɗansa ya fito a ƙasa, ya ɗan matsa dama. Sai na gaba, sai na gaba. Da sunan Kaka ya bayyana zauren ya ɗauka, har da masu guɗa. Sai mahaifin Auta, ɗan farinsa. Sai Takwara, ɗan farin mahaifin Auta, ya ɗaga hannu biyu kamar ɗan dambe.

Sarkin Zurfi ya leƙa tebur ya tambaya: su wa mai wannan sunan ya haifa? Tebur ya ba shi amsa ta gaskiya, ya fara da na farko.

Sunan mahaifin Auta ya sake fitowa, a ƙarƙashin Takwara.

Tafin ya rage. A ƙarƙashin mahaifin Auta, Takwara ya sake fitowa. A ƙarƙashin Takwara, mahaifin Auta. Kowanne yana matsawa dama, kamar masu sauka daga bene.

Gwaggo ta leƙa ta gaban Kaka ta taɓa wanta. "Yaya, ashe ga mahaifinka can a jikin bango. Tashi ka je ka gaishe shi."

"Ni ba ruwana wallahi," in ji Takwara daga baya, ya sauke hannuwansa. "Zuwa na yi na kawo takarda."

"Sau huɗu ke nan ka haife shi. Biyar. Kai, ko hutawa ba ka yi?"

Zauren ya fashe. Wani tsoho ya nemi a ba shi ruwa, dariya ta sarƙe shi. Takwara da ya ga abin ya zama wasa, sai ya ɗaga murya ya ce, "Kaka, tunda 'ya'yanka sun zama nawa, gidan ma ya zama nawa ke nan?"

"Ɗauka, Takwara," in ji Kaka, ko murmushi bai yi ba. "Ka haɗa da ciwon gwiwar."

Na-Gama ya ƙanƙame makirufo. "Jama'a, wannan... wannan nanatawa ce don girmama reshen ɗan fari. Yanzu za mu wuce shi."

"Ni fa?" in ji Gwaggo. "Talata na haifi mutum ɗari da tara, Alhamis na girmi ubana, yau ko haihuwata ba a yi ba."

"Kina tafe, Gwaggo, da zarar an rufe ɗakin Yaya."

"To a rufe mana!"

Sai dai ɗakin ba mai rufuwa ba ne, don kafin a kai ga ƙofar fita an buɗe wata a ciki. Sunayen suka yi ta gangarawa dama har suka fice daga gefen allon, aka bar bango fari. Yara suka ruga wajen taga su ga ko sun fita ta can. Na-Gama ya ja allon dama yana bin su, ya kamo wutsiyarsu, suka sake tsere masa. Cikin ruɗewa ya danna maɓallin sauri, wai ko reshen zai ƙare.

Nan Sarkin Zurfi ya samu abin da yake so. Uba da ɗa suka shiga haifar juna ɗari-ɗari a daƙiƙa. Fankar kwamfutar ta kama kuka kamar injin niƙa. Ya danna tsayawa, ba ta ji ba. Ya danna da yatsa biyu, ya danna da tafin hannu. Tabarau ya zame daga hancinsa ya faɗi ƙasa, bai ma lura ba, tunda dama ba ya ƙara masa gani.

"Injiniya!" Mai Tawada ya ƙwala daga taga. "An kai zuri'a ta nawa? In tanadi takarda daga nan zuwa bakin teku?"

Allon ya daskare, ya yi wani ɗan ƙyaftawa, ya mutu. Bango ya koma shuɗi.

Auta ta taso ba gaggawa. Ta zare wayar majigi daga kwamfutarsa ta haɗa da tata. "Kaka, da lambobinka na yi. Kai ne sittin da uku, Yaya Takwara ɗari huɗu da goma sha uku. Ko sunanku ɗaya, ba za ta haɗa ku ba."

Bishiyar ta fito gaba ɗaya, zuri'a takwas, kowa a ɗakinsa, kowace ƙofa a rufe. Gwaggo ta tashi ta je har jikin bango, ta nemo kanta, ta ƙirga ɗanta ɗaya da yatsa, ta dawo ta zauna.

"Yaushe kika yi?" Na-Gama ya tambaya da raɗa.

"Litinin da Talata, lokacin hutun rana. Shafin ƙarshe kuma a mota. Layi goma sha biyu ne, da kayan aron ragwaye."

Mai Tawada ya karɓi fayil ɗin ya fita da sauri, ya ce kafin a gama cin abinci takarda tana bango. Dangi suka yi dafifi a gaban majigi, kowa yana neman reshensa. Na-Gama ya tsugunna ya ɗauki tabaransa, ya fara lissafin taku nawa ne tsakaninsa da ƙofar baya.

"Ɗan nan," in ji Kaka. "Zo."

Ya zo ya durƙusa. Kaka ya karɓi littafinsa daga hannun Auta, ya buɗe zoben, ya mayar da shafin nan mazauninsa, ya zaro guntun fensir daga aljihu.

"Ranar Lahadi ka koya mini doka ɗaya. Maimaita mini."

"Duk ƙofar da aka buɗe... sai an rufe ta."

"Madalla, doka ce mai kyau. To akwai wata da ka buɗe tun ranar da ka fara shigowa gidana, wata uku ke nan ina jiran alamar rufewarta." Ya nuna bakin Na-Gama da tsinin fensir.

Na-Gama ya buɗe baki zai yi bayani, ya ga idon Auta, ya mayar ya rufe. Kaka ya ɗaga hannu ya zuba wa agogonsa ido. Daƙiƙa goma. Talatin. Gwaggo tana ƙirgawa da leɓe. Bayani ya taso wa Na-Gama har maƙoshi, bayani mai kyau, wanda zai nuna laifin na tebur ne, ya haɗiye shi da ƙyar kamar ƙwayar magani. Minti ɗaya cur.

"Ashe tana rufuwa," in ji Kaka. Ya sunkuya, ya rubuta wani abu a gurbin da ke gefen sunan Auta.

Auta ta leƙa. "Kaka, lamba kawai ka sa. Ɗari huɗu da ashirin da biyu. Ba suna."

"Na gaya muku ban yarda da suna ba, balle nasa. Kuma ku lura, da fensir na rubuta, magogin yana nan a aljihuna." Ya dubi Na-Gama ta saman littafin. "Ka ji abin da na ce?"

Na-Gama ya ɗago, fuskarsa ta washe, tsohuwar ɗabi'a ta riga hankalinsa zuwa baki.

"Na ga..."

Hannun Kaka ya nufi aljihu. Gwaggo ta miƙe zaune. Zauren gaba ɗaya ya karkato.

"...ne," in ji shi. "Na gane, Kaka."